Matsalar Haɗiya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Gano Ta da Yadda Ake Magance Ta

Shafin nan na masu jinya ne a gida da asibiti, da iyayen yaran da cin abinci ke yi wa wuya, da ma'aikatan lafiyar da ke aiki inda babu mai gyaran magana a kusa. Bayani ne na gaba ɗaya. Wanda ya duba majiyyacinku ido da ido shi zai faɗi abin da ya dace da shi.

Kowa yakan sarƙe wani lokaci. Yaushe abin ke zama ciwo?

Ana cikin shan ruwa wani ya ba ka dariya, ruwan ya sarƙe ka, ka yi tari har ido ya kawo ruwa, bayan minti ɗaya ka ci gaba da hira. Wannan ba ciwo ba ne, jiki ne ya kare kansa. Ciwo shi ne idan abin ya zama na kullum: loma ba ta wucewa sai da kyar, ko ruwa na bin hanyar iska, ko mutum ya fara gudun abinci don tsoro. Shi ne likita ke rubuta wa dysphagia a kati.

Hanyar iska da hanyar abinci sun haɗu a maƙogwaro, kamar inda layin dogo ya ratsa titi, sai an tsayar da ɗaya ɗayan ke wucewa. Da zarar harshe ya tura loma baya, hanɗa, wato tattausan rufin baki inda beli ke rataye, sai ta ɗaga ta toshe hanyar hanci. Maƙogwaro ya hau sama ya ɗan matso gaba, shi ne motsin da ake gani a zakaran wuya. Tantanin murya su rufe, wani ɗan murfin guringuntsi ya kife a kan ƙofar iska, numfashi ya tsaya, sannan bakin hanyar abinci ya buɗe. Duk wannan cikin kamar daƙiƙa ɗaya, kuma tsokoki sama da 30 ke yin sa tare. In ɗaya ya makara ko ya yi rauni, abinci ya samu hanyar shiga huhu.

Me ya haɗa mai gyaran magana da cin abinci?

Leɓe, harshe, muƙamuƙi, hanɗa da maƙogwaro su ne kayan aikin magana, su ne kuma na haɗiya. Wanda ya karanci yadda suke aiki don gyara furuci da murya, shi ya fi kusa da sanin abin da ya lalace idan loma ta ƙi wucewa. Shi ya sa a manyan asibitocin Amurka da Ingila, babban ɓangaren aikin mai gyaran magana a ɗakin kwanciya haɗiya ce, ba in'ina ba. Amma ba shi kaɗai ke yi ba: akwai likitan jijiyoyi, da na kunne da hanci da maƙogwaro, da nas, da masanin abinci, da mai gashin ƙashi, da mai ba da magani.

Me ke kawo ta?

A manya, shanyewar ɓarin jiki ce kan gaba. Kusan rabin waɗanda ta kama suna fama da haɗiya a kwanakin farko. Sai cutar Parkinson mai sa karkarwa, da gigin tsufa, da buguwar kai a haɗarin mota ko babur, da ciwon dajin baki ko maƙogwaro tare da gashin da ake yi masa, da daɗewa a kan na'urar numfashi. Maƙoƙon da ya girma ma yana iya danne hanya.

Akwai wasu dalilan da suka fi shafar yankinmu. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano da maƙwabtanta daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 ba a ciwon wuya yake tsayawa ba: makonni bayan an ɗauka yaro ya warke, gubar cutar na iya kashe jijiyar hanɗa, sai a ji murya na fita ta hanci, ruwa ma ya riƙa dawowa ta hanci. Cutar noma, mai cinye naman kumatu da dasashi, takan bar yaro da muƙamuƙi a manne. Asibitin Noma na Sakkwato da aka buɗe a 1999 yana ganin irin waɗannan yara. Sai yaran da suka sha sodar haɗa sabulu da aka ajiye a gorar ruwa. Su hanyar abincin ce ke ƙonewa, ta tsuke daga baya.

Waɗanne alamomi za mu lura da su?

Tari ko gyaran murya lokacin ci ko jim kaɗan bayansa. Murya ta koma kamar mai ruwa a wuya bayan an sha. Dalalar miyau. Abinci ya taru a kumatu, musamman ɓarin da ya shanye, sai an sa yatsa a tarar da tuwon rana yana nan har la'asar. Haɗiyar loma ɗaya sau uku. Kwano ɗaya ya ɗauki fiye da rabin awa. Ido ya kawo ruwa, numfashi ya canja. Sai waɗanda ba a cika alaƙanta su da haɗiya ba: rama, da zazzaɓi da ciwon huhu masu tafiya su dawo.

Wata alama ɗaya ta sha bamban. In abinci mai tauri na tsayawa a ƙirji, kwana-kwana abin na ƙaruwa har ya kai ga kunu ma ba ya wucewa, ga rama, wannan ba aikin mai gyaran magana ba ne. A gaggauta zuwa wurin likita a zura kyamara a duba hanyar abinci, don ciwon daji na iya farawa haka.

Mama ba ta tari ko kaɗan idan tana sha. Ke nan lafiya lau?

Ba lallai ba, kuma nan ne aka fi yaudaruwa. Tari sai an ji abu ya taɓa maƙogwaro ake yin sa. Idan ciwon ya kashe jin wurin, ruwa zai gangara cikin huhu shiru, majiyyaciya na kallonku tana murmushi. Bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi, sai numfashi sama-sama, a ce maleriya ce, a sayo magani. Duk mai shanyewar jiki da ya yi zazzaɓi tare da saurin numfashi ko majina a ƙirji, a fara tunanin huhu, a kuma gaya wa likita yadda ake ciyar da shi. Mai tari da ƙarfi ya fi mai shiru kwantar da hankali.

An kwantar da Baba, an ce kada mu ba shi ko ruwa. Ba za a kashe shi da ƙishi ba?

Hanin na ɗan lokaci ne, har a gwada haɗiyarsa, kuma ana ba shi ruwa ta jijiya a tsakani. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya ita ce a yi gwajin farko cikin awa 4 da isowa asibiti, kafin a ba da abinci ko ruwa ko ƙwayar magani ta baki. Wahalar a asibitocinmu ita ce abinci daga gida yake zuwa, 'yan dubiya kuma kowa da fulas ɗinsa. Tausayi ne ke sa a ɗago kan mara lafiya a ɗiga masa shayi a ɓoye idan nas ta juya baya, amma cokali biyu sun isa su kunna ciwon huhu a jikin da ya riga ya raunana. Abin da ya kamata ku matsa a kai shi ne a zo a yi gwajin yau, ba gobe ba. Ku tambaya: wa zai gwada, kuma yaushe? Kafin nan a riƙa jiƙa masa leɓe da auduga mai tsabta da aka matse.

Yaya ake gwajin a bakin gado?

Mai gyaran magana ba da ruwa yake farawa ba. Zai fara da tambaya: tun yaushe, da wane abinci, ya rage nauyi, ya yi zazzaɓi? Sannan ya ga ko majiyyaci a farke yake sosai, yana iya zama a miƙe. Mai gyangyaɗi ba a gwada shi. Zai haska cikin baki ya duba haƙora, busasshiyar majina da farin kurji. Zai ce a murmusa, a kumbura kumatu, a fito da harshe a kai shi dama da hagu, a ce "aaa", a yi tari, a haɗiye miyau. Yana aza yatsunsa a hankali daga ƙarƙashin haɓa zuwa zakaran wuya don ya ji ko maƙogwaro na ɗagawa, da kuma saurinsa.

Bayan haka ne ake kawo ƙaramin cokali. Kowane cokali sai ya saurari murya, ya kalli numfashi, ya jira, don wani tarin sai bayan daƙiƙoƙi yake zuwa. In an wuce lafiya a ƙara yawa, a canja kauri, a zo kan abin tauna, daga ƙarshe a leƙa kumatu a ga me ya rage. Akwai tsararrun gwaje-gwaje da nas ma za ta iya koya. GUSS, wanda aka fitar a Ostiriya a 2007, yana farawa da abu mai kauri kafin ruwa. Na Jami'ar Yale kuwa, ana ba da ruwa mililita 90 a shanye ba tsayawa. Tari ko kasa ƙarasawa na nufin a dakata. Akwai kuma takardar EAT-10 mai tambayoyi 10, wadda maki 3 ko fiye ke nuna a zurfafa bincike.

Tsohuwar dabarar taɓa can cikin wuya da katako a ga ko mutum zai yi yunƙurin amai ba ta nuna komai game da haɗiya. Akwai masu lafiya da ba sa yi, akwai masu yi da ruwa ke shiga huhunsu.

Wane hoto ake ɗauka, kuma dole ne?

Hannu da kunne ba sa ganin cikin wuya, don haka in ana zargin shigar ruwa a ɓoye, ko magani ya ƙi ci, ana buƙatar na'ura. Iri biyu ne.

Na farko hoton ekisire ne mai motsi. Ana gauraya farin sinadarin bariyom a ruwa da kunu da ɗan abin tauna, majiyyaci na zaune yana haɗiya ana kallonsa ta gefe a allo. Jeri Logemann ta Jami'ar Northwestern a Amurka ita ta fi kowa yaɗa wannan hanya. Amfaninsa ba ganin inda ruwan ya bi kaɗai ba ne, ana gwada dabara nan take a ga ko ta yi aiki. A kula, ya bambanta da gwajin bariyom na yau da kullum da ake yi don duba hanyar abinci, inda ake ba mutum kofi guda ya kwankwaɗa, wani lokaci a kwance. Shi wannan na yau da kullum na iya cutar da mai sarƙewa, don haka a faɗa wa masu ɗaukar hoto halin da yake ciki tun kafin a fara.

Na biyu shi ake kira FEES, wanda Susan Langmore da abokan aikinta suka bayyana a 1988. Ana zura siririyar kyamara ta hanci har saman maƙogwaro, a ba da abincin gaske da aka ɗan rina da kore ko shuɗi. Ana yin sa a bakin gado, babu hasken ekisire, kuma yana nuna miyau da ya taru. Sai dai daidai lokacin haɗiyar allon kan yi fari fat, sai a karanta abin da ya faru kafin da bayan. A rahoton kowannensu za ku iya ganin maki daga 1 zuwa 8: 1 babu abin da ya shiga hanyar iska, 8 ya wuce tantanin murya ba tare da ko tari ba.

An ce mu ƙara wa abin shansa kauri. Kauri nawa?

Tsinkakken ruwa na gudu, yakan riga maƙogwaro rufewa. Mai kauri na tafiya a hankali. Amma "kamar koko" ba ma'auni ba ne, kokon wannan gida ba na wancan ba ne. Shi ya sa wani kwamitin ƙasa da ƙasa da aka kafa a 2013, IDDSI, ya tsara matakai 8, daga 0 zuwa 7. Abin sha daga 0 zuwa 4, abinci daga 3 zuwa 7.

Gwajin abin sha sirinji mai mililita 10 kawai yake buƙata, wanda tsawonsa daga sifili zuwa layin 10 ya kai milimita 61.5. A cire allura da matsin, a toshe bakin da yatsa, a cika zuwa 10, a saki na daƙiƙa 10, a sake toshewa. In abin da ya rage bai kai mililita 1 ba, mataki na 0 ne. Daga 1 zuwa 4, mataki na 1. Daga 4 zuwa 8, na 2. Sama da 8, na 3. Na 4 ba ya bi ta sirinji. Yana zama a cokali, in an karkata ya faɗo dunƙule. Sirinjin na awo ne kaɗai, kada a tsirta wa majiyyaci abu a baki da shi.

Abu biyu game da koko da kunu. Suna ƙara kauri idan sun huce, saboda haka a auna su a zafin da za a sha. Kuma miyau na narkar da sitaci: cokalin da ke shiga baki yana komawa kofi zai sa koko ya tsinke kafin a kai rabi. A riƙa zuba kaɗan-kaɗan a wani ƙaramin kofi.

To a cikin abincinmu na gida, wanne ya dace, wanne ne haɗari?

Mafi wuya shi ne mai haɗa ruwa da gudaji, don baki zai tsaya taunar gudajin, ruwan kuma ya riga ya zarce. Fura da nonon da ba a dama sosai ba, kunun gyaɗa mai ƙwayar shinkafa, kunun tsamiya mai gaya, garin kwaki da aka jiƙa, farfesu mai romo da nama, burodi a cikin shayi, duk suna nan. Lemo da kankana ma haka, da an tauna ruwa ke ɓallewa. Sai masu warwatsewa a baki: dambu, garau-garau, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, aya. Sai masu tauri da zare, irin kilishi, tsire da rake.

Tuwo sai an yi hattara. Mai tauri ko mai danƙo yana mannewa a ganɗa da wuya. Mai laushi, ƙaramar loma, an dama shi da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa har ya zama ɗaya, yakan wuce da sauƙi ga da yawa. Faten dankali ko na wake da aka markaɗa aka tace, alale mai laushi, ayaba da aka murƙushe, kabewa, kindirmo, duk suna taimakawa. Ga wanda aka ɗora a mataki na 5, gutsuren abinci kada ya wuce milimita 4 ga babba. A na 6, santimita 1.5, kuma ya murƙushe in an danna da cokali mai yatsu. Tunda cin ya ragu, a ƙara ƙarfi a cikin ɗan abin da ke shiga: man gyaɗa, madara, ƙwai, garin waken suya.

Kaurin nan shi ne maganin?

A'a. Dabara ce ta wucin gadi, tana kuma da nata illolin. Mutane ba sa son ruwa mai kauri, sai su rage sha, jiki ya bushe, balle a zafin Afrilu. Mai kauri sosai yakan maƙale a wuya bayan haɗiya, in kuma ya shiga huhu ya fi wuyar fita. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008, kan mutum 515 masu gigin tsufa ko Parkinson, bai nuna kauri ya fi dabarar sunkuyar da haɓa lokacin haɗiya hana ciwon huhu ba, kuma bushewar jiki ta fi yawa a masu shan mai kauri. Don haka mafi ƙarancin kaurin da ya wadatar shi ake nema, a kuma sa ido a kan fitsari: in ya ragu ya yi duhu, ruwa bai isa ba. Wasu cibiyoyi, bisa tsarin da aka faro a asibitin Frazier da ke Louisville a 1984, suna barin zaɓaɓɓun majiyyata su sha tsabtataccen ruwa tsakanin abinci bayan an wanke baki tas. Ba kowa ya cancanta ba, kuma ba a gida ake yanke wannan ba.

Akwai motsa jiki na haɗiya?

Akwai, kuma shi ne ke gyara tsokar kanta. Ana zaɓa bisa abin da gwaji ya nuna. In gindin harshe ne ya yi rauni, ana koyar da haɗiya da ƙarfi, a matse duk tsokokin wuya. In maƙogwaro ba ya ɗagawa sosai, akwai dabarar Mendelsohn, a riƙe zakaran wuya a sama na daƙiƙa biyu ko uku tsakiyar haɗiya. Akwai na Reza Shaker: a kwanta rigingine, a ɗaga kai a kalli yatsun ƙafa ba tare da ɗaga kafaɗa ba, minti 1 sau 3 da hutun minti 1 a tsakani, sannan ɗagawa da saukewa sau 30, sau 3 a rana har mako 6. Yana da gajiyarwa, kuma bai dace da mai ciwon wuya ba. Wasu ana ba su danna ƙwallon roba da haɓa a zaune. Riƙe harshe tsakanin haƙora a haɗiye miyau ma ana yi, amma ba da abinci a baki ba. Dabarun da ake riƙe numfashi sai da izinin likita ga mai ciwon zuciya.

Masu shirin gashin ciwon daji na wuya ana so su fara motsin tun kafin a soma, su ci gaba da haɗiya gwargwadon iko, su riƙa buɗe baki kullum kada muƙamuƙi ya ƙage.

Yaya ya kamata a ciyar da shi?

A zaune a miƙe, a tokare ɓarin da ya shanye da matashi. Mai ciyarwa ta zauna daidai da shi ko ƙasa kaɗan. In ta tsaya a kansa zai ɗaga haɓa, ɗaga haɓa kuwa buɗe hanyar iska ne. Ƙaramin cokali, a sa ta ɓarin da ke da lafiya, a ga zakaran wuya ya hau ya sauka kafin a kawo na gaba. A kashe talabijin, 'yan dubiya su jira a waje, kada a tambaye shi "Yaya jiki, Alhaji?" da loma a baki. In zai iya riƙe cokali da kansa, ko da zai ɓata riga, a bar shi. Bayan an gama a share kumatu, ya zauna aƙalla minti 30 kafin ya kwanta.

Sunkuyar da haɓa ko juya kai zuwa ɓarin da ya yi rauni na taimaka wa wasu, ba kowa ba. Sai wanda aka gwada aka ga ta yi masa.

Me ya sa ake ta nanata wanke baki?

Domin ƙwayoyin cutar da ke haddasa ciwon huhu daga baki suke gangarowa tare da miyau. Langmore ta bi tsofaffi 189 a wani bincike da ya fito a 1998, ta tarar cewa dogaro da wani wajen ciyarwa, dogaro da wani wajen wanke baki, da yawan ruɓaɓɓun haƙora na cikin manyan abubuwan da ke hasashen ciwon huhu. A Japan kuma, an bi gidajen tsofaffi 11 tsawon shekara 2, aka ga waɗanda ake goge wa baki bayan kowane abinci sun fi tsira daga ciwon. Buroshi mai laushi, ɗan man goge baki, a goge haƙora da harshe da ganɗa aƙalla sau biyu a rana, kai a sunkuye, a tsane kumfa da ƙyalle in ba ya iya tofarwa. Asuwaki ya dace da mai iya tofar da zarensa. Wanda ake ciyarwa ta roba shi ya fi buƙata, shi kuma aka fi mantawa da shi.

Ƙwayoyin magani fa? Da rubutu da zamzam?

Kada a daka ƙwaya sai an tambayi mai ba da magani. Wasu an yi su ne su narke a hankali cikin yini, kamar wani nau'in nifedipine na hawan jini. In an daka, maganin yini guda ya shiga jini lokaci ɗaya. Sau da yawa akwai na ruwa ko wani madadin. Rubutu da zamzam da ruwan tofi kuwa, a maƙogwaro tsinkakken ruwa ne kamar kowane. Ba sai an bar su ba: a kai su kaurin da aka ƙayyade, ko a shafa a leɓe da fuska.

Sun ce a sa robar hanci. Ba alamar an fid da rai ba ce?

Ko kusa. Bayan shanyewar jiki, robar gada ce zuwa lokacin da haɗiya za ta dawo, kuma mai yunwa ba ya murmurewa. Ana fara da ta hanci a makonnin farko. In an ga abin zai wuce kamar mako 4, a duba sa wata kai tsaye ta fatar ciki. Ana ci gaba da motsa jiki da gwaji duk da robar. Kafin kowace ciyarwa a tabbatar tana nan a ciki, ta hanyar zuƙo ruwan ciki a gwada tsaminsa da takardar awo. Hura iska a saurara ba abin dogaro ba ne. Kai ya kasance a ɗage aƙalla digiri 30. Roba ba ta hana miyau shiga huhu.

Gigin tsufa da ya yi nisa daban ne. Bincike bai nuna roba na tsawaita rai ko hana ciwon huhu a irin wannan hali ba, shi ya sa ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta fi son a ciyar da hannu, a hankali, abin da tsohon ke so, gwargwadon da ya karɓa. Magana ce ta iyali da likita su zauna a kai tun kafin a shiga ruɗani.

Jarirai da yara fa?

Jariri sai wajen mako 34 na ciki yake iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi, don haka bakwaini kan buƙaci a tatsa nono a ba shi ta roba ko ƙaramin kofi. Kada a sa wa bakwaini garin ƙara kauri. A 2011 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi bayan an alaƙanta wani samfuri da ruɓewar hanji. Mai tsagewar ganɗa ba ya iya zuƙa, sai a zaunar da shi a miƙe a taimaka da kofi ko kwalba mai matsuwa, har ya yi ƙwarin tiyata. Ƙungiyar Smile Train na ɗaukar nauyin irin wannan aiki a asibitoci da dama a Najeriya.

Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu saboda doguwar naƙuda, shawara mai tsanani ko sanƙarau, yawanci a cinya ake kwantar da shi, kai ya lanƙwashe baya, a zuba kunu. Gyara zaman kaɗai, kai a tsakiya, haɓa ƙasa kaɗan, ƙugu a lanƙwashe, na canja abubuwa da yawa. Ɗura kuwa, a toshe hanci a tilasta haɗiya, yaro na kuka yana jan numfashi kunu na shiga: a daina ta ga mai lafiya ma, balle mai rauni. Cire beli wurin wanzami ba ya gyara haɗiya, ga haɗarin zubar jini da shigar cuta.

In loma ta shaƙe shi fa, me za mu yi nan take?

In yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi. In ya kasa tari da magana da numfashi, a sunkuyar da shi gaba a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau 5. In bai fito ba, a rungumo shi ta baya, dunƙulen hannu tsakanin cibiya da ƙashin ƙirji, a ja ciki da sama sau 5, a yi ta maimaitawa wani na neman mota. Jaririn da bai kai shekara ba, a kifa shi a hannu kai ƙasa a buga baya, sannan a danna ƙirji, ba ciki ba. Kada a ba da ruwa, kada a zura yatsa ana lalube.

Ana warkewa? Kuma ina za mu samu mai gyaran magana?

Yawancin masu shanyewar jiki suna samun sauƙi cikin makonnin farko, wasu kuma, musamman in gindin ƙwaƙwalwa ya taɓu, sukan kai watanni. Wanda mashaƙo ya taɓa wa haɗiya ma yakan warke a hankali. Don haka a riƙa sake gwaji; akwai waɗanda ake bari a kan kunu wata da watanni alhali sun daɗe da iya cin tuwo. A Parkinson da makamantansa, burin shi ne a riƙe abin da ke akwai muddin zai yiwu.

Masu wannan aiki kaɗan ne a Najeriya, mafi yawansu a manyan birane. Hukumar kula da masu aikin farfaɗo da majiyyata, wato MRTB, da aka kafa a 1988 ce ke yi musu rajista tare da masu gashin ƙashi. A fara tambaya a sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, Kano ne ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. A Nijar, orthophoniste za ku ce kuna nema. In za ku je, ku tafi da duk magungunan da yake sha, da ɗan abincin da ya saba ci da kofinsa, da bidiyon minti biyu da kuka ɗauka ta gefe yana cin abinci a gida.